Sunan yanka a nahawun Ingilishi: a daina fakewa da babban baƙi

Duk wanda ya zauna a ajin farko na kolej a ƙasar nan ya haddace ma'anar sunan yanka a nahawun Ingilishi tun kafin ya iya ƙulla jimla guda mai kan gado a harshen. An ce mana sunan yanka shi ne sunan mutum, ko na wuri, ko na wani abu keɓantacce, kuma alamarsa ita ce ana fara rubuta shi da babban baƙi. Da wannan ƴar ma'ana muka haye jarrabawa bayan jarrabawa, har Allah ya kawo mu jami'a. Babu laifi yaro ɗan shekara goma sha biyu ya riƙe ta, domin da rarrafe yaro kan tashi. Abin da ke damuna shi ne yadda ta biyo mu har cikin sashen kimiyyar harshe, ta nemi wuri ta zauna daram, ba tare da wani ya nemi ganin takardunta ba. A tambayi ɗalibin shekara ta uku dalilin da ya sa “London” ta zama sunan yanka, zai ce saboda an rubuta ta da babban baƙi. A sake tambayarsa dalilin da ya sa aka rubuta ta da babban baƙi, zai ce saboda sunan yanka ce. Zagaye ke nan irin na akuyar da aka ɗaure a turke, ta yini tana tafiya amma ba ta je ko'ina ba.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Da can ma ban yarda da haka ba, balle yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan wasiƙu da rahotanni da takardun hukuma da za a riƙa rubutawa da Ingilishi ƙaruwa za su yi, kuma mu da ke karatun harshe a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, mu ne za a miƙa wa su a ce mu fassara ko mu gyara. Takardar hukuma kuwa cike take da sunaye: na ma'aikatu, na jihohi, na koguna, na masu muƙami. Wanda bai san yadda suna ke tafiya a cikin jimlar Ingilishi ba, tun a layin farko asirinsa zai tonu.

Mu fara da babban baƙin kansa. Babban baƙi al'amarin rubutu ne, harshe kuwa ya girmi rubutu nesa ba kusa ba. Baturen Ingila da ke magana ba ya furta babban baƙi, amma mai sauraronsa ba ya rikita “Turkey”, wato ƙasar Turkiyya, da “turkey”, wato talo-talo, duk da cewa furucinsu ɗaya ne. Abin da ke raba masa su shi ne zaman kalmar a cikin jimla: tsuntsun sai an ce “a turkey” ko “the turkey”, ƙasar kuwa ita kaɗai take tsayawa. Mu da muka fito daga al'ummar da ta yi ƙarnuka tana rubutu da ajami, mu ne ya fi dacewa mu gane wannan da wuri. Rubutun Larabci ba shi da babban baƙi ko ƙarami, amma malaman nahawunsa sun ware babi sukutum ga abin da suka kira alam. Ajurumiyya, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu har gobe, ta lissafa shi cikin nau'o'i biyar na ma'arifa. Alfiyyar Ibn Malik ta rarraba shi zuwa suna da alkunya da laƙabi, ta kuma bambanta sunan da tun asali don suna aka ƙirƙire shi da wanda aka ɗauko daga wata kalma ta gama-gari. Duk wannan bincike an yi shi babu babban baƙi ko ɗaya a gaban masu yin sa. Almajirin da ya sauke Alfiyya ya fi ɗalibinmu na jami'a kusa da gane batun, sai dai ba mu taɓa tunanin mu haɗa su zama ɗaya ba.

Ko a Turai al'adar ba ɗaya ba ce, kuma ba ta tsaya wuri guda ba. Jamusanci yana fara kowane suna da babban baƙi, na yanka da na gama-gari, har kare da burodi. Mutanen Denmak sun bi wannan tsari har zuwa gyaran rubutunsu na 1948. Ingilishi shi ma ya taɓa yin haka, ko kusa da haka: wanda ya duba hoton tsarin mulkin Amurka na 1787 zai ga kusan kowane suna a cikinsa yana sanye da babban baƙi. Shin za mu ce a wancan zamani dukansu sunayen yanka ne, daga baya aka tuɓe masu rawani? Nahawu bai motsa ba, masu ɗab'i ne suka sauya al'ada. Kuma har yanzu suna kan sauyawa. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press, wanda jaridun Amurka da dama ke bin ƙa'idar rubutunsa, ya mayar da “Internet” zuwa “internet” a 2016, sa'an nan a 2020 ya yanke shawarar rubuta “Black” da babban baƙi idan ana nufin baƙaƙen fata a matsayin al'umma. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta hau, duka biyun da shawarar editoci.

A Ingilishin yau ma babban baƙi da sunan yanka ba sa tafiya ƙafa da ƙafa. Wakilin suna “I” kullum babba ne, kuma ba suna ba ne. A “French bread” ko “Islamic law”, kalmar farko sifa ce. A ɗaya gefen kuma akwai sunayen yanka na haƙiƙa da ke farawa da ƙaramin baƙi, irin su iPhone da eBay, da marubuciyar nan ta Amurka da ta zaɓi a riƙa rubuta sunanta “bell hooks”. Sai kuma ranaku da watanni, waɗanda littattafan kolej ke turawa cikin sunayen yanka ba tare da bayani ba. Me ya sa “Monday” da “January” suka samu babban baƙi, amma “summer” da “winter” suka rasa? Babu wata hujja ta nahawu, al'ada ce kurum. Hasali ma “Monday” kan yi halin sunan gama-gari sau da yawa, tunda ana cewa “every Monday”, “on Mondays”, “a rainy Monday”. Faransanci, wanda da shi aka fara koya mana rubutun boko, ya zaɓi ƙaramin baƙi ga ranaku da watanni da sunayen harsuna da sifofin ƙasa. Shi ya sa ɗalibin Nijar ke rubuta “monday” da “hausa language” da “a nigerien student”. Kuskure ne, lalle a gyara masa. Amma a faɗa masa gaskiya cewa kuskuren ƙa'idar rubutu ya yi, irin na wanda ya manta ɗigon aya, kada a ce masa bai gane sunan yanka ba.

To, in ba babban baƙi ba, da me za a gane shi? Da halinsa a cikin jimla. A Ingilishi, sunan gama-gari tilo wanda ake iya ƙirgawa ba ya fita tsirara. Ba a cewa “Doctor came” idan ana nufin wani likita, sai dai “a doctor” ko “the doctor” ko “my doctor”. Sunan yanka kuwa shi kaɗai ya isa ya cika gurbin yankin suna gaba ɗaya, kuma ya zo da sanayyarsa a jikinsa, ba ya bukatar “the” ta ara masa: “Musa came”. Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma yana aiki ko da baki ake magana. Dubi yadda yake warware abin da ma'anar kolej ta kasa. A jimlar “my mother is ill”, kalmar “mother” gama-gari ce. A “Mother is ill” kuwa, inda ɗa ke ba ƴar uwarsa labari, kalmar ta tsaya ita kaɗai, ta zama suna, kamar dai yadda muke cewa “Inna ba ta jin daɗi” ko “Malam ya ce a jira shi”, kowa a gidan ya san wa ake nufi. Rana da wata kuwa, duk da cewa kowannensu ɗaya ne tak a samanmu, sunayensu gama-gari ne a Ingilishi, domin sai an ce “the sun” da “the moon”. Ashe zama abu ɗaya tilo a duniya bai isa ya mayar da kalma sunan yanka ba.

Abin da ya sa wannan ma'auni ke yi mana wuyar gani shi ne harsuna biyun da muke tunkarar Ingilishi da su kowanne yana ja da mu zuwa wani ɓangare. Hausa ba ta tilasta wa suna ɗaukar komai: “likita ya zo” cikakkiyar jimla ce, kamar yadda “Musa ya zo” take, saboda haka kunnenmu bai saba jin bambancin a nan ba. Faransanci kuma ya wuce gona da iri ta ɗaya fuskar, ya rataya wa kusan kowace ƙasa nata: “la France”, “le Mali”, “le Tchad”. Da ɗalibi ya zo Ingilishi sai ya kwaso kayan Faransanci ya rubuta “the France”, “the Mali”, “the president Hamani Diori”, alhali Ingilishi cewa yake yi “France”, “Mali”, “President Hamani Diori”.

Babu inda wannan ya fi shafarmu kamar sunan ƙasarmu. Faransanci yana kiran ƙasar da kogin da lafazi ɗaya, “le Niger”. Ingilishin jaridu da littattafai ya raba su da ƴar kalma guda: “Niger” ƙasa ce, “the Niger” kogi ne. Wanda ya rubuta “millions of people live in the Niger” ya zaunar da miliyoyin mutane a cikin ruwa, a idon mai karatu na yau da kullum. Amma a nan ina da magana da malamanmu masu gyaran takardu, cikin girmamawa. Kafin a ja jan layi a rubuta “kuskure” a gefe, a tuna cewa a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya na Ingilishi “the Niger” ake kiran ƙasar, cikakken sunanta kuma “the Republic of the Niger”, kamar yadda suke rubuta “the Sudan” da “the Congo”. Ɗalibin da ya karanta rahoton majalisar ya kwaikwayi abin da ya gani bai yi ƙarya ba. Abin da ya kamata a koya masa shi ne akwai salo biyu, na diflomasiyya da na gama-gari, kuma ya san a wace kasuwa yake kafin ya buɗe hajarsa. Wannan ya fi jan layi amfani, ya kuma fi shi gaskiya.

Misalin Nijar ya nuna cewa akwai sunayen yanka da ke tafiya da “the” a matsayin wani ɓangare na jikinsu. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi da Cambridge ta buga a 2002, sun kira waɗannan raunanan sunaye, waɗanda ba sa ɗaukar “the” kuma ƙarfafa. Sun kuma yi wani bambanci da nake ganin ya kamata ya shiga darasinmu tun shekarar farko, wato tsakanin “proper noun” da “proper name”. Na farko kalma ce guda wadda aikinta na asali shi ne zama suna, kamar “Zinder” ko “Amina”. Na biyu kuwa shi ne dukan lafazin da aka raɗa wa abu, ko kalma ɗaya ce ko goma. “The United Nations” suna ne da aka raɗa wa ƙungiya, amma a cikinsa babu kalmar yanka ko ɗaya, sifa ce da sunan gama-gari a jam'i. Haka “the Red Sea” da “the White House”. Mu ma muna da irinsu birjik: Dogon Dutsi, Sabon Birni, Gidan Rumji. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya huta da tambayar da ke hana ɗalibai barci, wai shin “University” a cikin “Abdou Moumouni University” sunan yanka ce. Kalmar gama-gari ce da ta samu gurbi a cikin sunan da aka raɗa, kuma albarkacinsa ta samu babban baƙi.

Game da waɗanne sunaye ne ke ɗaukar “the”, akwai ƴan ƙa'idoji da ke rage wahala, ko da yake ba sa kawar da ita. Koguna da tekuna da hamada suna ɗauka: “the Nile”, “the Atlantic”, “the Sahara”, “the Ténéré”. Sunaye masu siffar jam'i suna ɗauka: “the Netherlands”, “the Philippines”, “the Alps”. Tafkuna da tsaunuka ɗaiɗai ba sa ɗauka, shi ya sa “le lac Tchad” ke komawa “Lake Chad” babu komai a gabansa, haka “Mount Kenya”. Idan sunan ya ƙunshi “of”, galibi yana ɗauka: “the University of Oxford”, amma “Oxford University”, jami'a ɗaya ce da sunaye biyu masu hali daban. Bayan wannan sai haddacewa, domin babu ƙa'idar da za ta gaya maka dalilin da ya sa birnin “The Hague” ke da ita amma “Amsterdam” ba ta da ita.

Akwai kuma hanyar dawowa, inda sunan yanka ke tuɓe rigarsa ya shiga sahun gama-gari. Littattafan kolej sun ce ba ya ɗaukar jam'i, ba ya ɗaukar “a”, ba ya ɗaukar sifa mai taƙaita shi. Ga shi kuwa ana cewa “there are three Maryams in our class”, da “a Mr Brown called”, da “the museum bought a Picasso”, da “the Niamey of the 1970s”. Babu kuskure ko ɗaya a cikin waɗannan. Abin da ya faru shi ne sunan ya daina nuna mutum ɗaya kai tsaye, ya koma nufin “mai ɗauke da wannan suna”, ko “aikin hannun wane”, ko “wani yanayi na wannan wuri”, kuma da ya koma haka sai nahawu ya yi masa hukuncin kowane sunan gama-gari. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda yana cewa “wani Musa ya zo nemanka”, da “ba Musan da ka sani ba”, da “Maraɗin da ba irin ta yau ba ce”. Har muna da abin da Ingilishi ba shi da shi, wato “su Musa”, wanda ba ya nufin Musa biyu ko uku, Musa ɗaya ne da jama'arsa. Mai fassara da ya mayar da “su Musa” zuwa “the Musas” ya kauce, sai dai ya ce “Musa and his friends” ko makamancin haka.

Wasu sunayen in sun tafi ba sa dawowa. “Sandwich” daga laƙabin wani basaraken Ingila na ƙarni na 18 ta fito. “Boycott” sunan Charles Boycott ne, wakilin mai gonaki a Ailan da jama'a suka ƙaurace wa a 1880, yau ga shi ya zama har aikatau. Abin dariyar shi ne alƙalamin da muke rubutu da shi: ƴan uwanmu na Najeriya suna ce masa biro, daga sunan László Bíró ɗan ƙasar Hangari da ya ƙera shi, mu kuma a nan muna ce masa bik, daga tambarin Bic na Marcel Bich. Iyaka ta raba mu, amma kowane ɓangare sunan wani Bature ya mayar gama-gari. Uwargidan da ta aiki yaro sayen magi ba ta san da wani Julius Maggi na ƙasar Suwis ba, kuma ko wane kamfani ne ya yi dunƙulen, a wurinta magi ne.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi zurfi: shin sunan yanka yana da ma'ana? John Stuart Mill, a littafinsa na mantiƙi na 1843, ya ce suna nuni kawai yake yi, ba ya siffantawa. Ya kawo misalin garin Dartmouth, wanda aka kira haka don yana bakin kogin Dart, ya ce ko da kogin zai sauya hanya ya bar garin, sunan ba zai tashi ba. Misalan da ke goyon bayansa suna da yawa. Newcastle, wato “sabuwar ganuwa”, an gina ganuwar tata a 1080. New College ta Oxford an kafa ta a 1379. Pont Neuf, “sabuwar gada”, ita ce gada mafi tsufa da ta rage a birnin Paris. Unguwannin da ake kira Sabon Gari a biranen ƙasar Hausa wasunsu sun ga jikokin jikoki, ba wanda ya ce a sauya masu suna. Otto Jespersen, a 1924, ya ƙi yarda da Mill, ya ce a bakin masu amfani da shi sunan yanka ya fi kowace kalma ɗaukar siffofi, domin da an ambaci mutumin da ka sani sai duk halayensa su zo maka. Ina ganin kowannensu ya kama wani sashe na gaskiya, kuma sunayen Hausa sun fi na Ingilishi nuna hakan. Tanko yana gaya maka an haife shi bayan mata, Gambo bayan tagwaye, Ladi ranar Lahadi, Azumi a watan azumi. Labarin yana nan a cikin sunan. Amma idan aka sa wa yarinya Ladi don ta ci sunan kakarta, alhali ranar Laraba aka haife ta, ba wanda zai ce sunan bai kama ta ba. In an kira Ladi ita za ta amsa.

Me ke ɗaure suna ga mai shi, in ba ma'ana ba? Saul Kripke ya amsa wannan a laccocin da ya gabatar a Princeton a 1970, waɗanda suka fito a littafi a 1980. Ya ce akwai wani lokaci na farko da ake raɗa sunan a gaban shaidu, daga nan sai ya riƙa wucewa daga baki zuwa baki, kowane mai karɓa yana nufin wanda na gabansa ya nufa. A duk lokacin da na karanta wannan nakan yi murmushi, domin kalmar da masana nahawun Hausa suka zaɓa ta riga ta ƙunshi ra'ayin gaba ɗaya. Sunan yanka shi ne wanda aka yanka rago a kansa ranar bakwai, liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mata suka ɗauka suka shiga da shi cikin gida. Kalmar Ingilishi “proper” da ta Faransanci “propre” mallaka kawai suke nunawa, wato sunan da yake na wane ne shi kaɗai, abin da ma ba gaskiya ba ne tunda Musa dubu ne. Tamu kuwa tana nuna aikin da ya kafa sunan. Ban ga dalilin da zai sa mu koyar da wannan babi ta hanyar Faransanci zuwa Ingilishi ba, mu tsallake kalmar da ta fi su duka fayyace al'amarin.

Tunda raɗawa ce ke kafa suna, masu suna suna da ta cewa a kansa, kuma nahawun Ingilishi yakan bi su. Gambiya ta nemi a riƙa kiran ta “The Gambia” tun a 1964, gab da samun ƴancin kanta, don kada a rikita ta da Zambiya. Ukraine ta yi akasin haka bayan 1991: ta ƙi jinin “the Ukraine”, wanda ke sa a ji kamar wani yanki ne na wata ƙasa, kuma kafofin watsa labarai na Ingilishi suka jefar da “the”. Côte d'Ivoire ta nemi a daina fassara sunanta a 1985, Turkiyya kuma ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta “Türkiye” a 2022. Ƴar kalmar da muke ɗauka wasan jarrabawa ce, gwamnatoci na rubuta wasiƙu a kanta. Wannan ya shafi mai fassara kai tsaye. Sashen gama-gari na suna ana iya fassara shi, “Université” ta koma “University”, “fleuve” ya koma “River”. Kalmar yanka kuwa ba a taɓa ta. Mutumin da takardarsa ta haihuwa ta ce Ousmane ko Aboubacar, haka zai zauna a rubutun Ingilishi, ko da takwaransa na Katsina Usman ko Abubakar yake rubutawa. Mai gyaran da ya “daidaita” masa suna ya raba shi da takardar shaidar karatunsa a gaban jami'in biza. Haka Dogondoutchi da Tessaoua: a rubutun Hausa muna da ikon rubuta Dogon Dutsi da Tasawa, amma a wasiƙar Ingilishi da za ta fita waje, sunan da ke kan taswira da hatimin hukuma shi ne zai kai saƙo.

Na san abin da masu kare tsohuwar ma'ana za su ce: lokaci kaɗan ne, ɗalibai sun yi yawa, kuma ƙa'idar babban baƙi tana ba da amsa daidai a mafi yawan lokuta. Gaskiya ne tana bayarwa, a kolej. Amma mu malaman gobe ake horarwa, kuma malamin da bai san inda ƙa'idarsa ta ƙare ba zai kayar da yaron da ya yi daidai, ya ba wanda ya yi kuskure maki. Abin da nake roƙo ba ya bukatar sabon littafi ko ƙarin awoyi. A raba darasin gida uku, a faɗa wa ɗalibi a wane gida yake: ga ƙa'idar rubutu, wadda al'ada ce mai sauyawa daga harshe zuwa harshe, ga halin suna a jimla, wanda ake gwadawa da “the” da “a” da jam'i, ga kuma dangantakar suna da mai shi. A jarrabawa kuma, maimakon a ce “ja layi a ƙarƙashin sunayen yanka”, aikin da ko wanda bai iya Ingilishi ba zai yi ta hanyar farautar manyan baƙaƙe, a ba ɗalibi sakin layi da aka rubuta gaba ɗaya da ƙananan baƙaƙe, a ce ya nemo su ya kuma kawo hujjarsa. Ranar za a san wanda ya gane.

Saura wata tambaya da ta dawo gidanmu. Masu rubutun Hausa a Najeriya sun bi Ingilishi, suna rubuta Litinin da Janairu da Bahaushe da babban baƙi. Da yawa daga cikin namu, waɗanda hannunsu ya saba da Faransanci, ƙarami suke sawa, har a takarda ɗaya mutum kan ga duka biyun. Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan ba zai ci gaba da zama ganin dama ba, dole wata rana a zauna a tsayar da ƙa'ida. Ni dai na fi karkata ga babban baƙi, don littafin da aka buga a Damagaram ya karantu a Kano ba tare da ido ya yi tuntuɓe ba, tunda masu karatun ɗaya ne. Wanda ke ganin ƙarami ya fi, shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi, sai dai ya zo da hujjar da ta wuce cewa haka Faransawa ke yi.